Sharhi a kan qemu-user-static da sha'anin /dev a cikin chroot

Na shafe makonni ina amfani da qemu-user-static, wato manhajar QEMU mai sa shirye-shiryen wata ƙirar kwamfuta su yi aiki a kan wata, tare da debootstrap, mai girka Debian a cikin folda, wajen haɗa tsarin Debian na arm64 (ƙirar ARM) a kan kwamfutata mai ƙirar x86-64, kuma ta fuskar kwaikwayo sai dai yabo. Da zarar binfmt_misc, sashen Linux mai zaɓar abin da zai tayar da baƙon shiri, ya san da shi, sai in shiga chroot, wato in mayar da foldar da na girka Debian a ciki tushen tsarin, bash da apt na ARM su tashi lafiya lau, illa dai akwai nawa idan aikin ya yi nauyi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne iyakar wannan kwaikwayo. A wannan yanayi umarnin ƙwaƙwalwar kwamfuta kaɗai QEMU yake fassarawa, sauran buƙatu kuwa kanel ɗin ainihin kwamfutar, wato zuciyar Linux ɗinta, yake miƙa wa. Saboda haka babu na'urar bogi ko ɗaya da QEMU ya ƙirƙira a cikin /dev, foldar fayilolin na'urori, kuma wanda ya ga /dev/sda a ciki, to faifansa ne na gaskiya, ana iya goge shi daga can.

Da farko na bi hanyar da ta fi sauƙi, na jingina /dev na ainihin kwamfutar gaba ɗaya a cikin chroot da mount --rbind domin in samu /dev/pts, wanda tagogin rubuta umarni ke dogara da shi. Da na gama na kwance shi da umount -R, sai kwancewar ta bi ta shafi ainihin kwamfutar, har na kasa buɗe sabuwar taga ta rubuta umarni. Laifina ne, domin a tsarin da ke amfani da systemd irin wannan jingina a haɗe take da ta asali, ni kuwa na tsallake --make-rslave, wanda ke hana kwancewar komawa ga ta asali. Tun daga ranar ba na taɓa rm -rf, umarnin goge folda, sai na duba abin da ke jingine da findmnt, tunda goge foldar alhali /dev yana jingine zai kwashe fayilolin na'urorin uwar kwamfutar.

Yanzu na koma ga fayilolin na'urori kaɗan da aikin yake buƙata, kowane da lambobi biyu da kanel ke gane shi da su: null mai lamba 1 da 3, zero 1 da 5, urandom 1 da 9, sai tty 5 da 0, duka da izinin 666, wato kowa na iya karantawa da rubutawa. Debootstrap yakan samar da su da kansa, wanda ya ɓace kuma umarnin mknod yana mayar da shi, kuma suna aiki muddin ba a ɗora faifan da nodev, zaɓin da ke hana fayilolin na'urori aiki, ba. Ina ƙara devpts, wato abin da ke samar da /dev/pts, daban, kuma ba na shigar da wata na'ura sai ranar da zan taɓa hoton faifai, a nan ma loop guda ɗaya kawai nake jinginawa, wato na'urar da ke nuna fayil kamar faifai.