Ƙurajen Baba da na ƙanenka: amsa ga ɗan uwanmu na wajen Taura

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya tashi kafaɗun ƙanen naka.

Saboda waɗanda ba su ga saƙonka ba, ga abin da ka ce a taƙaice. Baba, mai kusan shekara 70, ya yi kwana uku yana kukan zugi a haƙarƙarin dama har aka zaci ajiya ce ta tashi. Sai ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, daga gadon baya suka zagayo ƙirji, suka tsaya a nan. Yau kusan sati uku, sun bushe, amma ko riga ba ya iya sawa. Ƙanenka kuma, ɗan shekara 24, wanda shi ke shafa wa Baba magani, jiya ya wayi gari da zazzaɓi da ƙuraje ko'ina har cikin gashin kai. Kana tambaya ko ciwo ɗaya ne, wanne ya fi haɗari, kuma ko maganin Baba zai yi wa yaron. A ƙarshe ka ambaci cewa maiɗakinka na da cikin wata huɗu, kamar wata ƙaramar magana. Ba ƙarama ba ce, zan zo kanta.

Hukunci na wanda ya duba su ne, amma yadda ka siffanta, na ƙanenka ƙarambau ne, na Baba kuma shi ne wanda asibiti ke kira shingils. Ƙwayar cuta ɗaya ce ke kawo duka biyun. Karon farko da ta shiga jikin mutum sai ta yi masa ƙarambau. Idan ya warke ba ta fita, sai ta lafe a tushen jijiyoyin da ke fitowa daga laka, kamar garwashin da aka rufe da toka, ta yi shekara talatin ko sittin ba a san tana nan ba. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, saboda tsufa ko wata cuta, sai ta farka ta bi jijiya guda ɗaya har ta iso fata. Shi ya sa ƙurajen Baba suka tsaya a gefe ɗaya: iyakar gonar wannan jijiyar ke nan, ba ta tsallaka tsakiyar ƙirji. Wani likitan ƙaramin gari a Ingila, Hope-Simpson, shi ya bi marasa lafiyarsa shekara 16 yana rubuta wanda ya kamu da lokacin da ya kamu, sannan ya fito da wannan bayani a 1965. Wato Baba ba a wurin kowa ya ɗauko ba, tun yarintarsa yake tare da ita. Ba jifa ba ne, ba kuma gizo-gizo ne ya yi masa fitsari ba. Maganar da ake yi cewa idan ƙurajen suka zagaye jiki suka haɗu mutum ya tafi, ita ma ku ajiye ta, kada a ƙara wa dattijo fargaba a kan ciwo.

Shi kuwa ƙanenka, lissafin ya fito daidai. Ƙarambau kan ɗauki kwana 10 zuwa 21 daga kamuwa zuwa fitowa, kuma ruwan da ke cikin ƙurajen shingils cike yake da ƙwayar. Wanda bai taɓa yin ƙarambau ba, in ya taɓa wannan ruwan, ƙarambau zai yi, ba shingils ba. Kada ka yi mamakin ƙato da gemunsa bai taɓa yi ba. A ƙasashe masu zafi irin tamu mutane da yawa kan tsallake shi a yarinta, ya same su da girma.

A ido ma ba su yi kama ba in ka lura. Na ƙanenka sun watsu, sun fi yawa a ƙirji da baya da fuska, suna fitowa kashi-kashi, a wuri ɗaya ka ga jan ɗigo, ka ga mai ruwa, ka ga wanda ya fara ɓawo. Babbar damuwarsu ƙaiƙayi. Na Baba a dunƙule suke kan layi ɗaya, kuma zugi ne ya riga su zuwa, shi ne kuma zai daɗe bayan sun tafi. Ƙyanda daban ce, ƙurajenta ba su da ruwa, tana zuwa da jan ido da mura. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017, ita ce ke iya rikita mutum da ƙarambau, sai dai takan zo da kumburin kaluluwa kuma ƙurajenta sun fi tauri, sukan fito har tafin hannu da na ƙafa. Wannan ma dalili ne na a kai shi a gan shi.

Wanne ya fi haɗari? A wannan satin, ƙanenka. Na san gida hankali ya fi karkata ga Baba, don shi ne babba kuma shi ke nishi da dare, shi kuma yaro ana cewa ai ƙarambau ne, ciwon yara, zai wuce. A jikin ɗan shekara biyar haka ne galibi. A jikin babba kuwa ƙwayar na iya sauka huhu, yawanci a kwanakin farko bayan fitowar ƙuraje, kuma mai shan taba ya fi shiga wannan haɗarin. Saboda haka ku daina ƙirga ƙuraje, ku sa ido a numfashinsa. Idan ya fara tari, ko haki yana zaune, ko ciwon ƙirji, ko jini a majina, ko ya fara sambatu da tangaɗi, ko zazzaɓin ya ƙi sauka bayan kwana huɗu, ko wani ƙurji ya kumbura ya yi ja da zafi yana faɗi, to ba na kemis ba ne kuma. A nemi mota ko da tsakar dare ne, a yi babban asibitin Ringim ko Jahun, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura Dutse ko Kano.

Haɗarin Baba na dogon zango ne. Ƙwayar ta ƙona jijiyar da ta bi, kuma jijiya ba ta warkewa da saurin fata. Cikin mutum goma da suka yi shingils, ɗaya ko biyu kan ci gaba da jin zugin sama da wata uku bayan ƙurajen sun tafi, kuma tsofaffi ne suka fi yawa a cikinsu. Na ga dattijon da iska kawai in ta kaɗa rigarsa sai ya zabura. Irin wannan ciwon ba ya kisa, amma yana hana barci, ya hana cin abinci, ya sa mutumin da ya saba zama a majalisa ya koma ɗaka yana faɗa da jikoki. 'Yan gida kuma, da yake fata ta warke, sai su fara cewa raki ne ko rigimar tsufa. Ku yarda da shi, da gaske yake ji. A sati uku bai kai a ce ya zama na dindindin ba, da yawa kan lafa a hankali. Alhamdu lillahi ma da a haƙarƙari ya fito masa. Wanda ya fito wa a goshi ko fatar ido ko kan hanci, a ranar ya kamata likitan ido ya gan shi, ko da sai an je Kano, don yana iya tafiya da ganin idon. Na cikin kunne kuma yakan karkatar da baki ya taɓa ji.

Maganin da ke rage ƙarfin ƙwayar iri ɗaya ne ga su biyun, asiklobir, wanda wasu suka sani da Zovirax. Bambancin a lokaci yake. Ga babba mai ƙarambau, amfaninsa ya fi fitowa in an fara cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. Ga mai shingils, cikin awa 72. Ka ga ke nan na Baba lokacin ya wuce, sai dai in sababbin ƙuraje na fitowa har yanzu. Na ƙanenka kuwa yau ne, ba sai an jira ranar kasuwar Gujungu an sami mota ba. Yadda aka saba bai wa babba shi ne miligiram 800 sau biyar a wuni har kwana bakwai, amma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta, don mai ciwon ƙoda ana rage masa. Abin da na fi gani shi ne a sayi na miligiram 200 a sha ɗaya safe ɗaya yamma, kuɗi ya tafi, aiki bai yi ba. Na shafawarsa ma ba ya maye gurbin na sha. Kuma a sha ruwa sosai da shi, musamman da zafin nan, saboda ƙoda.

Wajen maganin zafin jiki nan ne hanya ta rabu sosai, a nan kuma nake roƙonka kada ku ɗauki ledar maganin Baba ku miƙa wa yaron. Mai ƙarambau farasitamol kawai, in babba ne biyu-biyu, kada ya wuce ƙwaya takwas a wuni. Ibufurofen da diklofenak, da haɗin nan da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki, a kauce musu, don an danganta su da mummunan ruɓewar fata a masu ƙarambau. Asfirin kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16, ka riƙe wannan don yaran gidan in sun biyo baya. Don ƙaiƙayi, a shafa kalamin, a sha Piriton da dare, a yanke farce. Shi kuwa Baba, zugin jijiya ba ya jin farasitamol sosai. Akwai magungunansa, irin su amitiriftilin da gabafentin, ana farawa da kaɗan da dare a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi kwanaki kafin a ga aikinsu. Ga mai shekarunsa suna iya sa jiri da faɗuwa, na farkon har riƙewar fitsari, don haka a asibiti za a ɗora shi a kai. Kada kemis ya sa shi kan tiramadol, kun san abin da ya yi wa samarinmu.

Su biyun duka su yi wanka. Hana mai ƙuraje taɓa ruwa ba ya hana su komawa ciki, don ba sa komawa. Datti da gumi ne ke sa su yi mugunya su bar tabo. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba soso, a dangwala tsumma mai tsabta a tsane. Wankan ganyen darbejiya ba na faɗa da shi in an tafasa an bari ya huce, yana sanyaya fata, amma ba ya kashe ƙwayar. Tofi da addu'a kuwa a ci gaba, ba su hana shan magani. Abin da nake faɗa da shi: toka, baƙin mai, barbaɗa garin kafso, fasa ƙurji da ƙaya, tsaga ko ƙaho a gefen Baba, da man bilicin ko allurar deksa daga kemis. Deksa ɗin nan, ita ce dai sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba, tana kwantar da garkuwar jiki, wato tana buɗe wa ƙwayar ƙofa.

Batun yaɗuwa, Baba ya gama nasa tunda sun bushe. Ko da suna da ruwa ma, mai shingils in ya rufe wurin da tsumma da riga haɗarinsa kaɗan ne. Ƙanenka kuwa ta numfashi yake yaɗawa, tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, har sai kowane ɗaya ya yi ɓawo, wajen sati guda. A gida ɗaya, cikin mutum goma da ba su taɓa yi ba, tara na iya kamuwa. Ya zauna a shagonsa da butarsa da kwanonsa da tabarmarsa, taga a buɗe. Ya yi sallarsa a ɗaki, ba jam'i, ba majalisa, abokai su yi sannu daga waje. Wanda ya tabbata ya taɓa yin ƙarambau shi zai riƙa kai masa abinci. In kun je asibiti ku faɗa tun daga ƙofa, kada a zaunar da shi a benci ɗaya da masu awo.

To, maiɗakinka. Yau ɗin nan a kira mahaifiyarta ko wata gwaggonta a tambaya ko ta yi ƙarambau tana yarinya, a kuma tabbatar ba da ƙyanda suke haɗawa ba. In ta yi, hankali ya kwanta, garkuwarta ta rufe ta da abin da ke cikinta. In ba ta yi ba, ko ba wanda ya tuna, ta je wurin awo gobe, tun daga ƙofa ta gaya musu ranar da ƙurajen Baba suka fito da ranar da na ƙanenka suka fito. Kada ta jira sai ta ga ƙurji, domin akwai maganin kariya da likita kan ba mai ciki bayan ta zauna da mai cutar, kuma shi ma da kwanakinsa. Mai ciki ta fi kowa saurin samun ciwon huhun da na ambata. Ga jaririn, in uwa ta kamu a sati 20 na farko akwai yiwuwar lahani a fata ko ido ko gaɓoɓi. Bai wuce biyu cikin ɗari ba, amma cikinta yana daidai wannan tsakanin. In da hali ta koma gidansu ko wani sashe har yaron ya bushe, sai dai a tuna mai yiwuwa ta riga ta shaƙa, don haka can ma ta nisanci masu ciki da jarirai har sati uku.

In kun kai Baba, ku sa a gwada masa suga da hawan jini. A shekarunsa tsufa kaɗai ya isa dalili, amma ciwon suga kan ɓuya a bayan shingils. Ga sauran 'yan uwa masu karantawa, wanda ya yi shingils yana ɗan shekara 25 ko 35, ko ya fito masa a wuri biyu, ko ya maimaita, ya yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Ba zargi ba ne, sau da yawa ita ce alamar farko, kuma maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Rigakafi akwai na kowanne. Na ƙarambau wani likitan Japan, Michiaki Takahashi, ya samar da shi a 1974, Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995. Na shingils, Shingrix, ya fito a 2017, allura biyu ce ga masu shekara 50 zuwa sama, kariyarsa ta haura kashi 90 cikin ɗari. Babu ko ɗaya a katin rigakafin yara na gwamnati da ake yi a asibitin unguwa, sai wanda ya nema da kuɗinsa a manyan birane, kuma na ƙarambau ba a yi wa mai ciki. In gwaji ya nuna maiɗakinka ba ta da garkuwa kuma Allah ya tsallakar da ita wannan karon, bayan ta haihu sai ku tambayi likita batunsa.