GARGAƊI: Sun cinye min N112,000 da sunan samar min aikin sakatariya ta intanet

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Amma ɗazu na sake cin karo da tallarsu a Facebook, sun canza suna, hoton kuwa shi ne dai, matar nan mai murmushi a gaban kwamfuta. Wallahi ba zan yi shiru ba.

N112,000 suka ci min. Kuɗin adashena ne, da N40,000 da na ranta wurin yayana.

Kafin wani ya ce min kwaɗayi mabuɗin wahala, ya tsaya ya ji. Ni ba yarinya ba ce. Na yi digiri, na gama bautar ƙasa, shekara biyu ina yawo da takardu a garin Kaduna. Kuma aikin akwai shi: kana gida kana amsa wa wani ɗan kasuwa na Amurka ko Ingila imel, kana tsara masa lokutan ganawa, a biya ka da dala. Mutane na samunsa a shafukan neman aiki na intanet irin su Upwork da Fiverr, na san wadda take yi. Su kuma suka ce kamfanin dillancin ma'aikata ne, su za su haɗa ni da mai aikin kai tsaye, dala 600 a wata. Ba wai na ga an ce za a ninka min kuɗi na ruga ba ne. Aiki na nema.

Kuma na bincika! Sun turo min takardar rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, na shiga shafin hukumar na rubuta sunan, ya fito. Sai daga baya na gane kamfanin wasu bayin Allah ne suka ɗauki sunansa, ba ruwansa da su. Ku gaya min, wa zai kawo wannan a ransa?

Da farko N15,000 ta rajista. Sai N35,000 ta horo da satifiket. A'a, kafin wannan an yi intabiyu tukuna, ta Zoom, mutumin bai kunna kyamara ba, ya ce intanet ɗinsa ce ba ƙarfi. Ya tambaye ni saurin bugun rubutuna, ya tambaye ni ko na iya Google Calendar, har ya ce aikin zai riƙa farawa ƙarfe 2 na rana agogonmu, daidai da 9 na safe a New York, ko wutar lantarki ba za ta ba ni matsala ba? Na ce akwai sola a gidanmu. Haka fa muka yi minti ashirin.

Amma duk ba wannan ne ya kayar da ni ba. Muryar nan ce.

Da suka zo da maganar N62,000, wai mai aikin ya aiko min da laftof daga Amurka tana Legas sai an biya kuɗin kwastam, jikina ya yi sanyi. Na rubuta a zauren Telegram ɗin da suka saka mu cewa ni fa zan haƙura. Ko minti biyar ba a yi ba wata mata ta biyo ni ta gefe da saƙon murya. Hausa tsantsa, muryar babbar mace, ana jin kukan yaro a bayanta. Ta ce, "Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Ni ma haka na ji tsoro. Wallahi tallahi wata na uku ke nan ana biya na. Kada ki bari shaiɗan ya raba ki da rabonki." Ta turo hoton alat. Na ce, "Aunty, don girman Allah da gaske ne?" Ta ce, "Zan rantse miki da Allah a kan ƙarya?"

Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin. Har yanzu ina saurare. Ta ce min ƙanwata. Ta rantse. Kukan yaron nan ma ban sani ba ko nata ne ko kunna shi aka yi. A nan na miƙe na saka hijabi na tafi wurin yayana a shago, na ce, "Yaya, ka ranta min N40,000, ƙarshen wata zan maido maka." Bai tambaye ni komai ba, ya ƙirgo ya ba ni, ya ce Allah ya sa albarka. Daga nan na wuce wurin mai POS.

Mai POS ɗin ma sai da ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajiya, sunan mutum ne fa ya fito, ba na kamfani ba." Na ce sunan mai riƙe musu kuɗi ne, tura kawai. Haka suka gaya min tun a N15,000 ta farko, kuma duk ukun asusu daban-daban ne, wannan sai yanzu da na jera rasit ɗin na lura. N15,000, N35,000, N62,000.

Washegari da safe babu zauren. Lambar mutumin ba ta shiga, Aunty ta goge hotonta ta toshe ni. Na manta ban faɗa ba, tun ranar rajista sun karɓi hoton katin NIN ɗina da fasfo, wannan ya fi kuɗin ma tayar min da hankali. Na je banki na shigar da ƙorafi, na kuma rubuta wa EFCC, ina jira.

Duk wanda ya ce ka biya kafin ya ba ka aiki, ɓarawo ne. Kada ku tura NIN ko BVN. Shi ke nan.

Ina da komai: rasit uku, takardar kwantiragi mai hatimi, hirarmu daga farko har ƙarshe, da muryar matar. Zan ɗora sikirinshot ɗin da daddare in na rufe bayanaina. Mu 47 ne a zauren, ban san nawa ne nasu nawa ne irina ba, duk wanda yake ciki ya yi min magana. Yayana har yau bai sani ba, jiya ma ya tambaye ni ko laftof ɗin ta iso.