Wata huɗu ina zama da masaniyar halayyar ɗan Adam ta intanet

Barci ne ya fara ƙaurace mini. Sai in kwanta a gajiye liƙis, ƙarfe uku na dare ido ya buɗe, gabana na dukan uku-uku, tunani kuma ya yi ta kai-komo tsakanin aiki, bashi da rashin lafiyar mahaifiyarmu. Na kusa shekara a haka ina ce wa kaina zai wuce. Yayata ce ta zaunar da ni wata rana ta ce, "Ƙanena, wannan ramar taka ba ta yunwa ba ce. Ka nemi wanda ya karanci abin nan ku yi magana." Na ce, "Yaya, ina na ga lokacin bin layi a asibiti?" Ta ce ai ta waya ma ana yi, musamman tun annobar korona ta 2020 da ta tilasta wa masu wannan aiki komawa kiran bidiyo.

Rajista a wata manhajar waya da ke haɗa mutum da masanan halayyar ɗan Adam ba ta ɗauke ni minti 20 ba. An jero mini tambayoyi kala biyu, waɗanda daga baya na gane ma'aunai ne da aka saba amfani da su: PHQ-9 mai tambaya 9 a kan ciwon damuwa, da GAD-7 mai tambaya 7 a kan fargaba. Dukansu a kan makonni biyun da suka wuce suke tambaya. A na fargabar, wanda ƙarshen makinsa 21 ne, na sami 14. Ganin lambar nan ya taɓa ni. Ashe abin da nake ɓoyewa yana da suna, har da ma'auni.

Akwai abin da ban sani ba kafin in shiga, wanda ya kamata a fito da shi fili tun a shafin farko. Masanin halayyar ɗan Adam daban, likitan ƙwaƙwalwa daban. Na biyun likita ne, shi ke rubuta magani. Na farkon da magana da horo yake aiki, a yawancin ƙasashe kuma ba ya rubuta magani. Wanda ya biya kuɗi yana jiran a rubuta masa ƙwayar barci zai tashi da ɓacin rai.

Wanda aka fara haɗa ni da shi mutumin kirki ne, amma jininmu bai haɗu ba. Zama biyu muka yi, ni ke ta zuba, shi yana gyaɗa kai. Na ji nauyin neman canji, sai na ga kamar cin fuska ne. Da na daure na nema, ba wanda ya tambaye ni dalili, cikin kwana biyu aka ba ni wata. A nan manhajar ta kyauta.

Inda ba ta kyauta ba shi ne wajen kuɗi, kuma a nan zan daɗe. Tsarin da aka tura mini gaba na wata-wata ne: ka sa lambar katin banki, a cire kuɗin zama huɗu a dunƙule. Abin da aka rubuta da ƙananan haruffa can ƙasa shi ne, kuɗin zai riƙa fita da kansa duk wata sai ka shiga ka dakatar. A wata na biyu na wayi gari na ga saƙon banki, an cire, a daidai makon da nake harhaɗa kuɗin maganin mahaifiyarmu. Mutumin da fargabar bashi ta kawo shi wurinku, bai dace ku taɓa asusunsa ba tare da ko saƙon tuni ba. Na rubuta musu, sai bayan kwana uku aka amsa, amsar kuma ita ce na amince da sharuɗɗa tun ranar rajista. Gaskiya ne na danna na amince. Amma wanda bai yi barcin kirki ba wata da watanni, ba ya cikin halin karanta dogon sharaɗi, su kuma sun fi kowa sanin haka.

Sai dokar soke zama. In ba ka sanar awa 24 kafin lokaci ba, kuɗin zaman ya tafi. Sau ɗaya ta ci ni, ranar da aka riƙe mu a wurin aiki. Na ji zafi, amma wannan dokar na fahimce ta, domin masaniyar ma ta ware wannan lokacin ne don ni, ta hana wani. Wadda ban gane kanta ba ita ce ta yankewar sabis. Ranar da kiran ya katse sau uku, minti 50 ɗin da na biya ya koma kamar 30, ba kuma wanda ya ce zai cike mini. Ita ce da kanta ta ƙara mini minti 10 a zama na gaba, don karamcinta kawai. Daga ranar muka yi shawara in hoto ya fara tsayawa mu kashe bidiyo mu ci gaba da murya.

Daga ƙarshe na tambaye ta kai tsaye, "Malama, babu yadda zan riƙa biya zama-zama?" Ta ce akwai, yana cikin saituna, sai dai kuɗin zama ɗaya ya ɗan fi tsada in aka raba. Na koma wannan. Na fi son in biya ƙari kaɗan da hannuna, na san ranar da zai fita. Duk da haka abin yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashina a watan da na yi zama huɗu, ban da kuɗin data. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san mutane da yawa da suka fi ni buƙata ba za su iya ba.

To me na saya da kuɗin? Na zaci lallashi zan samu, sai na tarar da aiki. Hanyar da take bi ita ce ta gyara tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960. Ta sa na sayi ƙaramin littafi. Duk lokacin da gabana ya faɗi, in rubuta abin da ya faru, tunanin da ya zo mini, sannan hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke ƙaryata shi. Makon farko na rubuta "za a kore ni daga aiki" sau shida. Ta ce in karanto mata hujjar. Na duba, na sake dubawa, abin da na samu kawai shi ne shugabana bai amsa gaisuwata ba wata safiya. Na yi shiru a gaban waya na tsawon lokaci, ita ma ba ta katse ni ba. Wannan shirun na cikin abubuwan da suka fi yi mini amfani a wata huɗun nan.

A kan barci ta ba ni dokoki masu wuya: in tashi lokaci ɗaya kullum ko da ban yi barci ba, in kuma na kai kamar minti 20 a kwance ido biyu, in bar gadon sai barci ya zo. Ta kuma sa na ware minti 15 da yamma don damuwa kaɗai, duk tunanin da ya zo da dare in rubuta shi in ajiye masa zuwa gobe. Sati biyun farko na sha wuya. A na uku na farka na ga gari ya waye ban sani ba.

Tun zaman farko ta gaya mini iyakar sirri: abin da muka faɗa tsakaninmu yake, sai in akwai haɗari ga raina ko ran wani. Ta kuma ce manhajar ba wurin agajin gaggawa ba ce, wanda ya ji zai cutar da kansa ya nufi asibiti mafi kusa nan take. Na nemi ganin lambar lasisinta, ta turo ba tare da ɓata rai ba. Sirrin da ya fi ba ni wahala na ɓangarena ne, wato samun ɗakin da ba a jiyo ni. Abin sauraro na kunne ya rufe muryarta, bai rufe tawa ba. Zama uku a cikin mota na yi su.

Yanzu na yi zama 13, mun mayar da shi sati biyu-biyu, ita ce ma ta kawo shawarar ragewa. Makon jiya na sake cike GAD-7 na sami 6. Har yanzu nakan farka cikin dare wani lokaci, littafin kuma yana nan kusa da matashina. Zamanmu na gaba ranar Alhamis ne, na riga na biya.