Gorar auna ruwa ko kundin Samaru: wanne ya fi amfani a aji?

Wata malama a cikinmu da ke koyar da 'yan SS1 a Tudun Wadan Zariya ta tambaya: in za ta yi darasin ruwan sama da alƙaluman garin nan, ta sa ɗalibai su auna da kansu ne, ko ta nemo waɗanda aka riga aka tara? Malama, ga yadda suke in an jera su.

Awon ɗalibai kusan ba ya cin ko kwabo. A sami gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi mai miƙaƙƙen jiki, a yanke kanta a kifa shi ciki ya zama mazurari. Gindin gora ba a baje yake ba, don haka a zuba tsakuwa da ruwa har su rufe lanƙwasar, a ja layin sifili a nan, a manna rula mai milimita. A kafa ta a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinta kamar santimita 30 daga ƙasa don kada ruwan da ya fantsalo ya faɗa ciki. A tokare ta da bulo, domin iskar hadarin watan Mayu ba ta barin gora a tsaye. A karanta kowace safiya a lokaci guda, a zubar, a mayar da ruwan kan sifili. Ranar Juma'a a ɗiga man gyaɗa kaɗan a sama, zai rage ƙafewa kafin Litinin.

Kada a kafa gora ɗaya, a kafa biyar. Za su ba da amsa biyar, kuma darasin yana nan: wannan ta karkace, waccan tana kusa da darbejiya, wani yaro ya leƙa rular daga sama maimakon ya daidaita idonsa da saman ruwan. Sannan milimita ɗaya na ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Rufin aji mai mita 8 da mita 7, in an yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 1,120. Yaron da ke ɗebo ruwa da jarka zai gane wannan nan take.

Inda gorar ta gaza shi ne kalandar makaranta. Agusta, watan da ruwa ya fi ƙarfi a Zariya, yana faɗawa cikin dogon hutu. Abin da ɗalibai za su kama shi ne farkon damina a zango na uku kawai, kuma damina ɗaya ba ta isa a ce ga yanayin gari.

Wannan giɓin kundi ne ke cike shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar auna yanayi mai bayanan shekaru masu yawa, haka ma NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa. A je da wasiƙar shugaban makaranta, a nemi jimillar kowane wata, ba ta kullum ba, don ta kullum za ta nutsar da ajin. Shekara 30 masana ke ɗauka kafin su yi maganar yanayin wuri, amma goma ta isa a fitar da matsakaici, a zana jadawali, a ga cewa ruwan shekara yana kaiwa wajen milimita dubu, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba.

A kula da abu biyu: gurbin da aka bari babu komai ba sifili ba ne, in aka lissafa shi haka matsakaicin ya lalace, in kuma tsohon rubutu ne da inci, a ninka da 25.4. Aibin kundi shi ne ɗalibi na iya kwafe lambobin tsaf bai san daga ina suka fito ba.

In ɗaya kaɗai lokaci zai bari, Malama, ki ɗauki gorar. In da hali, ki fara da ita a zango na uku, ki kawo kundin bayan yara sun tara nasu na wata guda, su jera Yuninsu da matsakaicin Yunin Samaru. Ba za su zo ɗaya ba, kuma ba lallai kuskure ne ba: ana iya tafka ruwa a Samaru, Tudun Wada ko yayyafi babu.