Karenka ya ji ciwo a ƙafa: ɗori, siminti, ƙarfe ko naɗin auduga?

Daminar bara mai babur ya banke karena Duna a ƙofar gida, ƙafarsa ta gaba ta hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Shekara huɗu yana gadin gidan nan da garken awakina, ko ɗan akuya ba a taɓa ɗauka ba. Yau yana gudu, amma yatsunsa biyu sun tafi, kuma ba babur ɗin ne ya cinye su ba, maganin da na fara saya masa ne. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni abin da zai kashe wa kuɗi idan karensa ya fara ɗingishi, nakan zaunar da shi mu yi magana a tsanake.

Kafin ka sayi komai, ka san irin ciwon. Kare mai targaɗe yakan ɗan taka ƙafar, ya yi ɗingishi, kwana biyu ko uku a ga sauƙi. Mai karaya ba ya yarda ƙafar ta taɓa ƙasa, takan kumbura, wani lokaci ka ga tana reto ko ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Idan ƙashi ya huda fata ya leƙo, ka rufe wurin da tsumma mai tsabta ka nufi asibitin dabbobi a ranar, babu wani zaɓi. Kuma kada ka kai hannu sai ka ɗaure masa baki da ƙyalle ko takunkumi. Karen da ya tashi a hannunka ma zai cije ka idan zafi ya kai masa karo. Idan ba a yi masa allurar ciwon hauka ba, ka faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.

Abu na farko da ya cancanci kuɗinka shi ne hoton ƙashi. Mutane suna ganin tsadarsa su tsallake, alhali shi ne ke raba gardama tsakanin duk hanyoyin da zan lissafa. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, nan ne wuraren da za a fara tambaya, sai asibitocin dabbobi na jiha da na 'yan kasuwa a manyan birane.

Ɗorin gargajiya na karare da zare ban ba da shawararsa ga kare ba. Mutum in an ɗora shi yakan kwanta ya kiyaye, ya ce wa mai ɗori "ya yi tsauri, a sassauta". Kare ba ya faɗa, sai dai ya tauna karan cikin dare. Takalman gwiwa na roba da ake talla a intanet kuwa ba a yi su don karaya ba, kuma da wuya ka sami wanda ya dace da siririyar ƙafar karnukanmu na gida. Ajiye kuɗinka.

Farin simintin asibiti, wanda ake kira POP, yana riƙe ƙashi da kyau, sai dai yana da nauyi, ruwa na lalata shi, kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. A gidan da tsakar gida ke jiƙe tun daga Yuni har Satumba, wahala ce.

Tiyata, a sa ƙarfe a cikin ƙashi ko a ɗaure shi da faranti da kusoshi, ita ce mafi tsada, kuma akwai karayar da ba ta da wani magani sai ita: karayar cinya, da ta damtsen gaba sama da gwiwa, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da wadda ƙashi ya farfashe. Dalili kuwa, ɗauri ba ya aiki sai ya kama gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita. A cinya ba yadda za a kama ƙugu da bandeji, sai ɗaurin ya zama nauyi yana jan ƙashin yana ƙara raba shi. Idan hoto ya nuna irin wannan, kada ka ja da likita.

Amma idan karayar tana ƙasan gwiwa, ƙashin bai goce sosai ba, fata kuma ba ta huje ba, to zaɓina shi ne naɗin auduga mai madogari a ciki, kuma ba na ɓoye son da nake yi masa. Na tsaya na ga yadda likita ta yi wa Duna. Ta fara sa 'yar auduga tsakanin yatsu don kada su goge juna. Ta naɗe ƙafar da auduga mai kauri tun daga yatsu har sama da gwiwa, har ƙafar ta koma kamar taɓarya. Ta bi da bandeji tana ja daidai wa daida, sannan ta kwantar da bututun roba na ruwa da aka tsaga biyu a bayan ƙafar, ta sake naɗewa, ta bar kan yatsun tsakiya a waje. Ta ce min, "Malam, waɗannan yatsun su ne idonka. Safe da yamma ka taɓa su. In sun yi sanyi, ko sun kumbura sun ware da juna, ko ka ji wari, ka kawo shi ko da ranar Lahadi ce."

Abin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne audugar tana ba kumburi wuri. Ƙafar da ta karye takan ci gaba da kumbura a kwanakin farko, abu mai tauri kuwa ba ya buɗawa, sai ya shaƙe jini. Naɗin auduga ba shi da nauyi, kayansa ana samunsu a kowane babban kemis, kuma ana kwance shi kusan duk mako a duba fata a sake sabo, saboda haka gyambo ba ya ɓuya ya yi nisa. Aibinsa ɗaya, ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Idan za ka fita da shi ya yi bayan gida a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka zura ƙafar a leda, da kun dawo ka cire ledar, domin in ta kwana gumi zai jiƙa audugar daga ciki. Naɗin da ya jiƙe a sake shi a ranar. Ƙashin kwikwiyo yakan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, na babban kare kuwa sai mako 8 zuwa 12, don haka ka lissafa kuɗin zirga-zirgar canji tun farko, kada ka yanke a tsakiya.

Naɗin ba ya tafiya shi kaɗai, yana da abokai biyu. Na ɗaya kwalar roba mai kama da mazurari da ake sa wa a wuya don hana tauna. Ka sayi wadda bakinta ya ɗan wuce hancinsa, ka ɗaure yadda yatsunka biyu za su shiga tsakaninta da wuya. In ba ka samu ba, bokitin roba da aka yanke gindinsa aka goge kaifin yana yin aikin. Na biyu keji ko ƙaramin ɗaki da zai iya tsayawa, ya juya, ya kwanta, shi ke nan. Sarƙa ba hutu ba ce. Kare a sarƙa da ya ji motsi a ƙofa sai ya zabura ya dira a kan ƙafar.

To, yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Kafin in kai Duna asibiti, wani mai yawo da jaka aka kawo min, wanda unguwa ke kira dokta saboda yana yi wa kaji allura. Bai tambayi nauyin kare ba. Ya zuƙo ruwa daga kwalabe biyu, ɗaya ma takardar jikinta ta goge, ya haɗa a sirinji ɗaya ya tsira masa. Ya ɗora katako biyu kai tsaye a kan fata, ya naɗe da filasta tamau har yatsu suka ɓace. Washegari Duna ya tashi ya ci abinci, na yi murna. Kwana na uku wari ya fara, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta. Da aka kwance a asibiti, yatsu biyu sun riga sun mutu, ƙuda har ya sami hanya ya yi tsutsa a gefen katakon.

Likita ta bayyana min cewa irin wannan saurin warwarewa alamar allurar dexamethasone ce, wadda ke danne zafi da kumburi ta kuma jinkirta warkewa, kuma idan aka haɗa ta da maganin ciwon jiki irin diclofenac tana huda ciki. Baƙin kashin nan jini ne. Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: diclofenac da ibuprofen da muke sha ba na kare ba ne, suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Paracetamol ma in ya yi yawa yana lalata hanta. Akwai magungunan zafi da ake ba karnuka, irin meloxicam da carprofen, amma da awon nauyi ake ba da su, kuma likita ne zai rubuta.

Yadda za ka gane likitan jabu ba shi da wuya in ka natsu. Likitan dabbobi na gaskiya a Najeriya ya yi shekara 6 a jami'a, kuma yana da lambar rajista daga hukumar likitocin dabbobi, VCN. Ka tambaya, mai ita ba ya jin haushi. Wanda ya ƙi nuna maka kwalbar da ya zuƙo magani, ko ya ce "haɗi na ne na musamman", ka sallame shi. Wanda ya yi maka alkawarin ƙashi zai haɗe a mako ɗaya, ka sallame shi. Wanda ya ce hoto ɓarnar kuɗi ne, wai shi hannunsa yana gani, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haka maganin kansa. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka kuma shafa yatsa a kan ranar, domin akwai masu manna sabuwar takarda a kan tsohuwa. Lambar da ke kwali ta yi daidai da ta jikin kwalba. Maganin da ya wuni a faifai cikin ranar kasuwa, ko da asalinsa na gaske ne, zafi ya riga ya rage masa ƙarfi. Allurar rigakafi kuwa in ba daga firji ko kular ƙanƙara ta fito ba, ruwa kawai za ka saya. Feshin shuɗi da ake yi wa raunin dabbobi shi ma na taɓa sayen wanda launi ne kawai, ka fesa ya bi ƙafa ya zube kamar ruwan bula.

Ga rauni na fata da bai kai ƙashi ba, ba ka bukatar kaya da yawa. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce, ka wanke wurin sosai har ƙasa da tsakuwa su fita. Ka bi da aidin da aka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri. Baƙin mai, toka, ruwan batir da fetur, waɗanda har yanzu ake ba da shawararsu a majalisa, ƙona naman suke yi, kuma kare zai lashe su ya haɗiye. A damina ka riƙa buɗe raunin kullum kana dubawa saboda ƙuda.

Wani maƙwabcina ya ce min duk wannan ɗawainiya a kan kare? Na tuna masa hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ta kwana tana tsaron dukiyarka tana da hakki a kanka ranar da ta kwanta.

In kuɗinka ba su da yawa, ga yadda zan raba su: hoto da ganin likita tukuna, sai naɗi da kuɗin canjinsa na makonni, sai maganin zafin da aka rubuta. Kwala da keji ka haɗa da abin da ke gida. Ranar da aka kwance naɗin ƙarshe za ka ga ƙafar ta rame ta yi siriri, kada ka tsorata, kuma kada ka sake shi ya yi gudu. Ka riƙa jan sa da igiya a hankali, minti biyar safe da yamma, kana ƙarawa duk mako har naman ya dawo.