Solar bakin teku da ta Gombe: kada ka kwafi takardar ƙaninka

Malam, ka ce ƙaninka da ke zaune a Legas, can wajen Badagry dab da teku, ya sa sola a gidansa, ya turo maka takardar kayan da ya saya, kana tambaya ko ka miƙa wa mai haɗawa a nan Gombe ya yi maka irinta sak. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba. Rana ɗaya ce ke fito mana da su, amma abin da ke cin kayansa daban ne da abin da zai ci naka.

A wajen hasken rana ka fi shi nesa ba kusa ba. Bakin teku yana samun awa 4 zuwa 4 da rabi na rana mai ƙarfi a yini, mu nan muna samun wajen 5 da rabi zuwa 6. Farantin sola huɗu masu wat 550, bayan an cire asarar waya da ta inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), za su ba shi kamar yunit 7 (irin yunit ɗin mitar wuta) a yini, kai kuwa su ba ka 9 ko sama da haka. A watan Yuni da Yuli hadari kan rufe musu sama kwana da kwanaki, shi ya sa ka ga faranti takwas a takardarsa. Idan kayan wutarku ɗaya ne, shida za su iya riƙe ka.

Shi babban abokin gabarsa gishiri ne. Iskar teku tana ɗauke da shi, ta bi ƙusoshi da bakin waya, tsatsa ta cinye su, don haka dole ya sayi ƙarafan alminiyom da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Kai ƙarfe mai kauri da aka yi wa fenti ya ishe ka. Inda za ka kashe kuɗin shi ne wajen ɗauri. Ka san iskar farkon damina a ƙasar nan. Wanda ya ga yadda ta kwashe rufin gidaje a Bauchi a watan Yunin 2018, ana tsakiyar bikin ƙaramar Sallah, ba zai yarda a ɗaure masa faranti a jikin kwano kawai ba. A kama katakon rufi, ko a yi masa tsayayyen ƙarfe.

Namu ciwon biyu ne, ƙura da zafi. Shi ruwan sama ke wanke masa faranti kyauta kusan rabin shekara. Mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne. Hunturun farko da na sa tawa a Tumfure, na ga caji yana ja baya, har na fara zargin mai haɗawa. Da na hau tsani, sai na tarar gilashin ya koma jar ƙasa, na sa yatsa na rubuta sunana a kai ya fito ɓaro-ɓaro. Bokiti ɗaya da tsumma mai laushi suka gyara abin. Tun daga nan kowace Asabar bayan sallar asuba nake wankewa, kafin gilashin ya ɗau zafi, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Saboda haka ka sa faranti inda ƙafarka za ta kai, ba can ƙololuwar rufi ba. Su fuskanci kudu, a karkace su kamar digiri 10 zuwa 15.

Zafi kuma mutane da yawa sun ɗauka abokin sola ne. Haske take so. Wat 550 ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu, lokacin da garin ke kai 40, farantin da ke kan kwano yana haura 60, ya zubar da wajen kashi 12 cikin 100 na ƙarfinsa. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa.

Batir ne inda na fi so ka tsaya ka yi tunani, don nan na sha wuya. Mai ruwa na tubular, 12V 220Ah, yana ɗaukar yunit 2.6, amma rabi kawai za ka ci idan kana so ya daɗe. Kuma ƙa'idarsa, duk ƙarin zafin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa. Ni na jibge guda huɗu a ɗakin ajiya marar taga, ruwansu yana ƙafewa ina ta ƙarawa, ba su cika shekara biyu ba suka fara kashe fanka ƙarfe biyun dare. Lithium na 48V 100Ah yana ɗaukar yunit 5, ka ci kashi 80 zuwa 90 cikinsa, ba ruwanka da ƙarin ruwa. Shi ma ba ya son zafi, amma ya fi haƙuri. Idan tubular ne a takardar ƙaninka, kai ka rage faranti biyu, ka haɗa kuɗin da na ƙarafan alminiyom, ka cika ka sayi lithium, ka ajiye shi a ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan.

Kada kuma ka yi lissafi da cewa wutar JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, za ta riƙa cika maka batir. Ka tuna Afrilun 2024, da ɓarayi suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu cikin tsananin zafi.

Ka rubuto mini abin da kake kunnawa da dare, fanka nawa, firji ko firiza, da ko akwai famfon rijiyar burtsatse. Idan akwai famfo, girman inbatar ma sai mun sake duba shi.