Temurin 21: yadda yake yanko memori ya burge ni gaskiya

Wata uku kenan ina aiki da Temurin 21, wato OpenJDK ɗin (manhajar haɗawa da gudanar da Java) da ƙungiyar Eclipse Adoptium ke rabawa kyauta, a kan wata ƴar sabarmu mai karɓar odar kwastomomi. Ni da C na fara, can in ka kira malloc don neman memori sai ya leƙa guraben da ba kowa ya nemo wanda zai ishe ka, to na ɗauka duk new ɗin da na rubuta a Java don ƙirƙirar obijek haka zai ci min lokaci ko ma fiye.

Ashe ba haka bane. HotSpot, injin da ke gudanar da kodin Java a cikin Temurin, yana yanka wa kowane zaren aiki nasa kason daga Eden, wato ɓangaren memorin da ake zuba sababbin obijek, TLAB suke ce masa, kamar dai a ba kowane tela nasa bandir ɗin yadi ya ajiye gefen kekensa. In yana son sabon obijek kawai ya duba inda ya tsaya ya ɗora girman abin, in bai wuce ƙarshen kason ba shikenan ya matsar da alamar gaba, ba kulle ba layi ba jiran kowa, kuma kwamfailan JIT, mai fassara kodi zuwa yaren inji ana cikin aiki, yana ɗinka waɗannan ƴan umarnin cikin kodinka kai tsaye. Sai kason ya ƙare ake bin doguwar hanya a karɓo sabo. Wani sa'in ma in C2, ɗaya daga cikin kwamfailolin JIT ɗin, ya gano obijek ɗin ba zai fita daga metod ɗinsa ba, baya ƙirƙirarsa sam, sai ya rarraba abin da ke cikinsa a rijistocin furosesa. Wallahi nan ne ya gama saye ni.

Na kunna Flight Recorder, mai naɗar abin da ke faruwa cikin Java, wanda ya shigo OpenJDK kyauta tun Java 11, na ga kusan komai namu cikin TLAB yake faɗawa, sai ƴan manyan arre kaɗai ke fita waje.

Amma fa akwai farashinsa. Farkon tashi kodin a hankali yake tafiya kafin kwamfailolin JIT, C1 da C2, su ɗumama, kuma araha ba kyauta bace, in ka yi ta zuba obijek Eden zai cika da wuri mai kwashe shara, wato mai share obijek ɗin da aka gama da su, ya riƙa zuwa akai-akai. G1, wanda shine mai kwashe shara na asali tun Java 9 a 2017, yanki-yanki yake raba memori, duk abin da ya kai rabin yanki ɗaya daban yake ajiye shi, to mai manyan arre ya sa ido. Ga cin RAM, in baka sa iyaka ba wurin ajiye obijek kaɗai zai iya kaiwa kashi ɗaya cikin huɗu na RAM ɗin injin.

Sabar da ke kwana tana aiki, yi amfani da Temurin 21 ba shakka. Mai ƙaramin inji na giga 1 kuwa ya fara saita -Xmx, wato wannan iyakar, kafin ya kunna.